Tsinken da ke Rufe Kan Gwaggo

Ni Maloba, ni kaɗai ce ke taɓa kan Gwaggo Senga a duk garinmu. Ba don na fi kowa iya kitso ba. An zaɓe ni ne don ba ni da magana.

Gwaggo yayar mahaifina ce, amma tun kafin a haife ni ta daina zama ta danginmu. Da Sarki Mukalay ya rasu, kurwarsa ta nemi wurin zama, sai ta shiga kan Gwaggo, tana da goyo a lokacin. Aka mayar da ita tsohon gidan sarkin da ke bakin tafki, mijinta ya tafi tsallake da jaririyar, aka daina kiran sunanta. Duk wanda ya zo sai ya durƙusa, ya shafa ƙasa a damatsansa, ya ce, "Ranka ya daɗe," idonsa a ƙasa. Ba ta ƙetare shingen gidan.

Abin da ke riƙe da sarkin a cikin kanta tsinke ne na hauren giwa. A samansa an sassaƙa 'yar mace, ido a lumshe, hannuwa a kan ƙirji tana rufe da abin da ta sani. Tsufa da manja sun mayar da shi launin zuma. A tsakiyar ƙeya ake soke shi, kamar yadda ake sa sakata a ƙofa. Duk ranar tsayuwar wata Gwaggo takan zauna a bakin shinge ta juya wa jama'a baya, a zo a gaida tsinken daga nesa. Kowa ya san kamanninsa, har yara. Amma ni na san abin da ba a hangowa daga nesa: kunnen hagu na 'yar macen ya ɗan ɓantare, kuma a bayanta akwai wani ɗan kwarmi mai santsi inda babban yatsan makitsa ya saba zama. Hannuna kaɗai aka yarda ya zare shi ranar tsifa, ya mayar da shi.

A shekarar da nake ba da labari, dangi sun riga sun gama maganar aurena da dangin Monga, masunci ne daga tsallaken tafki. Idan ruwa ya janye za a kai ni. Kullum da la'asar Monga yakan zo bayan shinge ya yi fito, ya rataye kifi a jikin itace. Ban taɓa iya kallon idonsa ba, amma tun azahar kunnena ke wajen shingen.

Wata safiya Gwaggo ta ce ita za ta yi mini kitson aure da hannunta. Na ce ban isa ba. Ta ce hannunta ya yi kewar gashi, kuma uwata ba ta raye, wa zai yi mini? Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta. Ta lanƙwasa kara ta ɗaure a ƙeyata, ta dinga jan gashi tana naɗewa a kai, tana shafa manja da jan garin itace, hawa bisa hawa, tana soka tsinkayen ƙarfe. Muka wuni, muka kai washegari. Da ta gama kaina ya yi nauyi kamar na ɗauki tulu. Ta ba ni matashin katako na sa wuya, ta ce kada in kuskura in kai hannu har man ya kama, in ba haka ba duk ya rushe.

"Na gaba ne naki," in ji ta. "Na baya na masu kallo ne."

Washegari na ɗauko ƙwaryar mai don in shafa mata kamar kullum. Na kai yatsa ga tsinken, sai yatsan bai sami wurin zamansa ba. Na sake shafawa. Babu kwarmin. Kunnen hagu a ɓantare yake, amma bakin ɓantarewar yana da kaifi, wuƙa ce ta yi shi. Haure ko da rana sanyi gare shi, wannan kuwa ɗumi. Na sunkuya kamar ina gyara wata tufka, na ji warin hayaƙi. Ƙashi ne aka turara don ya yi kamar ya tsufa.

Gwaggo ta tambaye ni me ya sa hannuna ya tsaya. Na ce ba komai. Na gama shafa man, na fita bayan ɗaki na tsuguna.

Ba ta sani ba, haka na gaya wa kaina, ai ba mai ganin ƙeyarsa. Kuma duk ranar da aka gane, ba za a tambayi kowa ba sai ni. Macen da ta sayar da sakatar kan sarki ba dangin da za su karɓe ta. Wata kuma ya kusa tsayawa, ranar da dattawa ke zuwa kusa su shafa wa Gwaggo farar ƙasa.

Da rana na ɗauki tulu na nufi tafki. A hanya na haɗu da wasu mata sun fito daga gonar rogo. Muka gaisa, na wuce. Ban yi nisa ba na ji hirarsu ta yanke. Na waiwaya, sai na gan su tsaye cak, ɗaya ta sauke kwandonta. A dawowa kuwa, tun daga nesa suka ratse cikin ciyawa suka bar mini hanya, kowace kanta a ƙasa.

Na biya ta wurin ƙawata Lenge, inda take ƙyafe kifi. Lenge tun muna yara Bebiya take ce mini, kuma bakinta ba ya hutawa. Tana hango ni ta fara.

"Iye, amaryar tsallake. Wannan kai haka, ai sai an faɗaɗa wa Monga kwalekwale. Juyo mu ga bayan, Bebiya, kada ki yi mana rowa."

Na juya. Na jira dariyarta, ba ta zo ba. Da na juyo, ta riga ta koma bayan hayaƙi tana juya kifin da bai isa juyi ba. Na ce mata lafiya? Ta ce lafiya, hayaƙi ne ya shiga idonta. Ba ta ƙara ce mini Bebiya ba, ba ta ma kira ni da komai ba.

To an sani ke nan. Amma ta yaya aka sani, alhali Gwaggo ba ta fita ba, ba kuma wanda ya shigo? Sai dai in wanda ya ɗauke shi ne ya riga ya fara yaɗa cewa ni ce.

La'asar ta yi, ban ji fito ba. Washegari ma haka. Itacen da Monga ke rataye kifi ya zauna babu komai. A madadinsa aka fara ajiye abubuwa a ƙofar ɗakina ba tare da sallama ba: ƙwai a cikin ganye, ƙullin gishiri, wata rana har farar kaza a ɗaure. Ban taɓa ko ɗaya ba. Na ɗauka sammu ne, ko kuma gwaji, a ga ko hannuna yana ɗaukar abin da ba nasa ba. Gwaggo ta ce in dafa ƙwan, na ce cikina ba daɗi. Ta dube ni ta daɗe. A kwanakin nan ta saki jiki, tana ci da yawa, har na ji tana 'yar waƙar reno tana shara. Tausayinta ya kama ni. Ƙofar kanta a buɗe, ita ba ta sani ba.

Na dinga juya mutane a raina. Mai kawo itacen wuta ba ya wuce ƙofa. Dattawa ba su zo ba tun wancan watan. Sai na tuna Kisimba masassaƙi. Kwanakin baya an kira shi ya gyara ƙafar kujerar Gwaggo, kuma a ranar an aike ni neman jan itace har gefen daji. Kowa ya san akwai wani Bature mai shago a garin Bukama da ke sayen irin kayan nan, kuma Kisimba yana kai masa.

Amma wa ya gaya wa Kisimba zancen kunnen hagu? Mutum ɗaya na taɓa gaya wa. Wata la'asar ta bayan shinge Monga ya ce shi tsinken nan tsoro yake ba shi, ni kuma don in sa shi dariya na ce matar ma kunnenta ɗaya da rabi. Na tuna ya yi dariyar. Na tuna kuma ya daɗe yana zancen sabuwar koma da yake so.

Ban taɓa zuwa rumfar namiji ni kaɗai ba, amma na je ta Kisimba. Yana zaune cikin ɓawon itace, gizago a hannu. Yana ganina ya ajiye shi, ya zube a gwiwa, ya shafa ƙasa a damatsa.

"Ranka ya daɗe."

Na ɗauka yana gaida wanda yake zaton ya aiko ni ne. Na tsaya ina murza bakin zanena, da ƙyar maganar ta fito. Na tambaye shi ko ya sassaƙa mace mai ɓantararren kunne a jikin ƙashi. Ya ce ya sassaƙa. Ban zaci zai amsa da sauƙi haka ba. Na ce wa ya sa shi? Ya ce bakin da ya sa shi aikin shi ya hana shi faɗa, kuma yana roƙon kada a gwada shi, shi talaka ne.

"Baba Kisimba," na ce, "Monga ne?"

Ya ƙara sunkuyar da kai. "Monga yaro ne mai haƙuri. A tausaya masa, a sallame shi da alheri."

Na fito ban ga hanya sosai ba. Ban koma gida ba, na gangara mashaya inda masunta ke shanya koma. Na san in na tsaya tunani ba zan je ba. Monga yana zaune a gefen kwalekwalensa yana ɗinki, Lenge da wasu mata suna fere kifi a kusa. Matan suna ganina suka janye. Shi kuma ya saki allurar, ya sauko ya durƙusa a cikin taɓo. Mutumin da ke yi mini fito.

Na ce, "Ina ka kai shi?"

Bai ɗago ba.

"In yana Bukama ka je ka karɓo. Ba zan gaya wa kowa ba. Ni dai ya dawo kafin wata ya tsaya."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban gane ba."

Sai Lenge ta jefar da wuƙarta a cikin ƙwarya. Ta taso ta tsaya a gabana, hannu duk ɓawon kifi, ta leƙa fuskata kamar mai duba ko kifi na jiya ne.

"Tsaya. Ke Bebiya, da gaske ba ki sani ba?"

Wata tsohuwa ta ce mata ta kama bakinta. Lenge ta ce a bari, in bakin zai karkace ya karkace, ai dama ba kyau ne da shi ba. Ta ce ita tun farko abin bai kwanta mata ba, don ba ta taɓa ganin sarkin da ke ɗibar ruwa da tulu yana gudun kaza ba.

"Hannunki aka yarje wa, ba nawa ba," ta ce. "Kai shi ƙeyarki. Tsakiya. Ƙasa kaɗan."

Na kai hannu ta bayan wuya, na bi ta kan tsinkayen ƙarfe. Sai na taɓa abu mai sanyi. Babban yatsana ya faɗa cikin kwarmin da kansa. Na shafa kunnen hagu.

Ban san na zauna ba sai da na ji ruwan taɓo ya jiƙa zanena.

Monga ne ya gaya mini saura, yana magana yana kallon ƙafafuna. Tun ranar da na fita da tulu labari ya kai ga dattawa cewa sarki ya canza gida. Sun aika wa mahaifinsa cewa ranar tsayuwar wata za su shafa mini farar ƙasa, daga nan maganar aure ta mutu, za a mayar musu da kayansu. Ya ce ya zo bayan shinge sau ɗaya, ya hango ƙeyata, bakinsa ya kasa fito.

"Na ɗauka ke kika so," ya ce. "Na ce ta gwada masunci da gidan sarki, ta ga wanda ya fi."

"Ni kuma na ɗauka kai ka sayar da shi ka sayi koma."

Lenge ta ce lallai mun dace, Allah ya haɗa shashashai biyu. Ba wanda ya yi dariya sai ita.

Monga ya tambaya ko za a iya cirewa. Tsohuwar nan ta ce ba a taɓa yi ba. Lenge ta ce ba a taɓa soka wa mutum a ɓoye ba ma. Na tashi na bar su suna gardama, na kama hanyar gida. Ban zare shi a gabansu ba. Ba a zare shi a fili, ko a wane kai yake.

Na sami Gwaggo a inuwar ɗaki tana tsinkar ganyen rogo. A gefenta na ga wani ƙunshi da ban taɓa gani ba: zane biyu, da 'yar ƙwarya, da sarƙar duwatsu ta yara, an ɗaure kamar na mai tafiya. Ta dubi zanena mai taɓo, ta dubi fuskata, ta ci gaba da tsinkar ganye.

Na shiga ɗaki na ɗauko kaskon farar ƙasa da ƙwaryar mai, kamar ranar tsifa. Na wanke hannu. Na kai shi ƙeyata na zare tsinken a hankali, na kwantar da shi a kaskon. Wani ɓangare na kitson ya saki ya zubo mini a wuya. Na zagaya na tsaya a bayanta.

"Gwaggo, gyara zama. Kanki yana son mai."

Ba ta gyara ba. Ta ce, ba tare da ta juyo ba, wa ya gaya mini? Na ce yatsana. Ta ce ta gaya wa Kisimba ya yi kwarmin, ya ce wannan ba wuƙa ke yinsa ba.

Sai ta yi magana mai tsawo, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce 'yar da aka raba ta da ita tana tsallake, ta haifa mata jikoki, ita ba ta san fuskar ko ɗaya ba. Ta ce kwalekwale yakan wuce ta gaban shinge, tana jin muryoyin mata, tana cewa ko wannan ce. Ta ce kanta ya tsufa, sunayen kakannin sarki sun fara zube mata, sarki yana bukatar sabon gida. Ta ce ta dube ni ta ga ban iya hayaniyar mutane ba, ba na son a kalle ni, to ga gidan da ba mai kallon fuskarka har abada.

"Da na tambaye ki, da kin sunkuyar da kai kin ce to. Kin san haka. Na hutar da ke ne."

Gaskiya ta faɗa, kuma shi ya fi yi mini ciwo.

"Ni ma ba a tambaye ni ba, Maloba. Ina daka sarkin ya faɗo mini."

"Ke shi ya zaɓe ki, Gwaggo," na ce. "Ni ke kika zaɓe ni."

Ta ce me na sani? Ta yiwu shi ya motsa hannunta. Na ce kwanakin nan duk tsinken yana kaina, ban yi mafarki ba, ban faɗi ba, ban ji muryar kowa ba. Abin da na ji kawai shi ne rashin fito da la'asar. Ban taɓa haɗa magana mai tsawon wannan a gabanta ba. Na ce in sarki yana so na, ya san hanyar tsallake, ya zo da kansa a gaban mutane.

Kazar nan da aka kawo ta zo tana tsattsagar ganyen da ke ƙwarya, ba wanda ya kore ta. Can Gwaggo ta ajiye abin da ke hannunta, ta miƙe bayanta, ta sunkuyar da kai yadda ta saba.

Na zare na ƙashin. Na shafa mai. Na soka na hauren a wurinsa, ya shige kamar bai taɓa fita ba. Kafaɗunta suka ɗan sauka.

"Sanyinsa," ta ce. "Har na manta."

Ranar tsayuwar wata ta zauna a bakin shinge ta juya wa jama'a baya. Ni na tsaya a gefe, kaina a tsefe, kowa yana gani. Dattawa suka daɗe suna shawara a tsakaninsu, suna dubana, suna duban ƙeyarta. Ɗaya ya matso kusa fiye da yadda aka saba. Gwaggo ta yi magana da muryar sarki ta ce ya fita zagaya ne ya dawo. A ƙarshe ita suka shafa wa farar ƙasar.

Da la'asar na ji fito. Na fita har wajen shinge, abin da ban taɓa yi ba. Monga bai gaishe ni ba sai da ya zagaya ta bayana ya duba. Uwarsa ma haka ta yi ranar da aka kai ni, har da sa yatsu cikin gashin. Har yau akwai tsofaffin da ke ratse mini a hanya, wai ba a san abin da ya rage a ciki ba.

Sarƙar duwatsun nan ni na kai ta tsallake, na ba 'yar Gwaggo. Ta juya ta a hannu, ta tambaye ni ko uwar tata doguwa ce.

Kafin in tafi, sai da Gwaggo ta nemi wadda za ta gaje ni a kitso. An kawo mata 'yan mata da yawa, ta zaɓi Seya, 'yar ƙanen Kisimba, wadda in ka gaishe ta sai ta dubi yatsun ƙafarta. Na koya mata haɗin mai, da inda ake sa yatsa, da yadda ake zarewa. Ranar ƙarshe na ja ta bayan ɗaki inda Gwaggo ba ta ji.

Na ce mata in Gwaggo ta ce hannunta ya yi kewar gashi, ita kuma ta ce kanta yana ciwo.